Ruwan da Na Sirka

Ni na hura wutar. Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya tuna mini. Kwana talatin da ɗaya, safe da la'asar, ni nake jera itace a ƙarƙashin rabin duron nan da ke bayan ɗakin Iya, in tsuguna ina fifita har ruwa ya fara tsalle yana zubowa kan duwatsun murhu. Ni nake kwasa da bokiti in juye a kwatarniya, ni nake karyo ganyen darbejiya in ɗaure shi dami biyu. Daga nan sai in koma bayan zana in toshe kunnuwana, don na san abin da zai biyo baya.

Sunana Salma. 'Yar Kahu ce ni, aure ya kawo ni Fammar, gidan Malam Shitu, wanda duk muke kira Baba. Mijina Saminu shi ne ɗansa na biyu. Ta fari ita ce Yaya Bara'atu, wadda take aure a Rano. Shekara shida ta yi a ɗaki ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai ga shi Allah ya dube ta. Ta zo gida goyon ciki, a bazarar 2007 ta haifi ɗa namiji aka sa masa Amiru. Tun ranar da ta sauka ta shiga hannun Iya.

Iya yayar Baba ce, ta dawo gidan tun rasuwar mijinta. A Fammar in ana maganar wankan jego, sunanta ake fara kira. Takan ce matan da ta wanke sun fi saba'in, kuma babu wadda sanyi ya shiga a hannunta. A wurinta mace in ta haihu ɗanya ce shataf, sai an gasa ta kwana arba'in take komawa mutum. Sai ta tsoma damin ganye a ruwan da yanzu aka sauke daga wuta, ta fyaɗa a baya, ta fyaɗa a ciki, ta fyaɗa a cinya, har kwatarniya ta ƙare. Daga banɗaki sai kunun kanwa kofi biyu, kanwar da in ka ɗanɗana sai harshenka ya tsage. Daga kunu sai gadon ƙasa, wanda aka cika ƙarƙashinsa da garwashi, a saki labule a rufe taga. Duk wannan a watan da ko awaki ba sa barin gindin bango saboda rana.

Ni ma na yi wankan jego a haihuwata ta fari, amma a gidanmu, kuma uwata tana sirka ruwa. Da na faɗa wa Iya haka, kallona ta yi daga sama har ƙasa.

"Shi ya sa kike tafiya kamar kazar da ruwa ya daka," in ji ta. "Wannan na cikinki a gidan nan za ki haife shi. Za ki ga wanka, 'yar Kahu."

Cikina wata shida ne a lokacin. Na yi dariya tare da kowa, amma dariyar ba ta wuce haƙorana ba.

Kwana goma sha biyu da haihuwa, Yaya ta kira ni ta miƙo mini hannu. Zoben azurfar da ke yatsanta ya nutse a cikin nama. Muka sa sabulu, muka sa man gyaɗa, ya ƙi fita. Sai ta janye zani ta nuna mini ƙafarta. Na danna da ɗan yatsa kusa da idon sawu, wurin ya lotsa kamar tuwon da ya kwana, ya ƙi tasowa. Muka tsaya muna kallon ramin, ni da ita.

Iya ta shigo ta gani. Ba ta ko girgiza ba.

"Sanyi ne," ta ce. "Na faɗa ranar suna da kuka bar ta zaune a tsakar gida tana gaisawa da baƙi. To ga shi ya samu ƙofa. Ke 'yar Kahu, daga yau ki ƙara itace. Wutar da kike hurawa ta dafa shayi ce."

Aka ƙara itace. Kunu ya koma kofi uku.

Kafin kwana goma sha takwas kumburin ya hau gwiwa, ya hau cinya, fuskarta ta cika har idanunta suka ƙanƙance. Daga ɗaki zuwa banɗaki taku goma sha biyar ne, amma sai ta tsaya sau biyu ta dafa bango tana haki. Ga wani busasshen tari da ba ya fitar da komai. Ta daina kwanciya. Sai ta jingina da bango, a tara mata matashi uku, a haka take ba Amiru nono, a haka take gyangyaɗi.

Wata rana da hantsi na shiga kwashe toka daga ƙarƙashin gadon, ta riƙe mini gefen zani.

"Salma, in na kwanta sai in ji kamar an zura ni rijiya da kai. Ruwa nake ji a nan." Ta dafa ƙirjinta. Sai da ta huta kafin ta ci gaba. "Kin san me nake tunawa? Duk azumin da na yi ina neman haihuwa, cewa nake, ya Allah ka ba ni ko da ɗaya ne, duk wahalar da za ta biyo baya na ɗauka. Ko abin da na roƙa ne ya zo?"

"Haba Yaya, Allah ba ya ciniki da bayinsa haka."

"To mene ne? Ki faɗa mini mene ne, ko na samu abin da zan riƙe."

Ban sani ba. Na kwashe tokata na fita.

Ranar Litinin, kwana ashirin da ɗaya, na je awo ƙaramin asibitin Kibiya. Malamar da take duba mu sunanta Halimatu Sa'adiya, mace mai faɗa amma mai saurare. Da ta gama da ni sai na ƙi tashi. Na ce ina da tambaya, ba tawa ba ce. Na faɗa mata zoben, na faɗa mata ƙafar, na faɗa mata matashi uku. Ina magana tana ajiye biro.

"Tana shan kunun kanwa?"

"Kofi uku safe, uku yamma."

"Innalillahi. Wankan fa?"

"Ba a sirkawa. Kuma tana kwana a gadon wuta."

"Saurara da kyau, Salma. Wannan ba sanyi ba ne. Zuciyarta ce ta gaji. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zafin nan kuma yana ƙara wa zuciyar aiki, ita kuwa ta kasa turawa, shi ne ruwan yake taruwa a ƙafa da huhu. A daina kunun yau. A daina wankan nan yau. A kai ta babban asibitin Rano. Ban ce gobe ba."

Ta yagi takarda ta rubuta, ta sa kwanan wata, ta buga hatimi. Na naɗe ta na ƙulle a bakin zanina. Tun daga Kibiya har Fammar hannuna yana kan ƙullin nan, ina jin na ɗauko ran Yaya a ciki.

Surukuwa ba ta tsayawa gaban uban miji ta yi masa bayani. Na ba Saminu takardar, shi ya kai zaure, ni kuma na laɓe a bayan zana. Makon nan gidanmu ba ya rabuwa da mutane, don zaɓe ya ƙarato, Baba kuwa shi ne wakilin jam'iyyarsu a mazaɓa. Ya saurari Saminu yana lissafa sunaye a wani littafi.

"Wa ya aiki matarka?" ya tambaya.

"Awo ta je, Baba."

"Awo ta je, ta kwashi asirin gida ta kai wa 'yan asibiti. Mai jego ba ta tsallake bakin ƙofa sai ta yi arba'in, ka taɓa ganin an yi a gidan nan? Kuma so kake in shiga in ce wa Iya ba ta iya ba? Matar da ta goya ni?" Sai ya sassauta murya. "Ban ƙi ta taka ba. Amma yarinyar nan matar mutane ce. Yanzu zamanin shari'a ne, ba zan ɗauki matar wani in kai ta wani gari ba da izinin mijinta ba. Juma'a yana zuwa. In ya ce a kai ta, shi ke nan."

Ya ninke takardar biyu, ya cire hularsa ya sa a ciki, ya mayar da ita kansa.

Daga Litinin zuwa Juma'a kwana huɗu ne. Wanka takwas ke nan. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, don ni na dafa ruwan kowanne.

Malam Muhyiddeen, mijin Yaya, malamin firamare ne a Rano, mutum mai sanyin hali. Ya zo bayan masallaci a kan babur ɗinsa, da lemo da sabulu. Da ya shiga ɗakin ya gan ta, ledar ta faɗi daga hannunsa. Na ga tsoro a fuskarsa ƙuru-ƙuru, sai na ce alhamdu lillahi, yau za a tafi. Har na fara haɗa kayan Amiru a ɗankwali.

Ya fita zaure, ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna.

"Baba, na ga jikin nata... na ce ko za a ɗan gwada asibiti."

"Matarka ce, Malam," in ji Baba. "In ka ga ba ma riƙe ta da kyau, ga ta nan, ɗauke ta."

"A'a, Baba! Wane ni. Wallahi ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi?"

"Duk yadda kuka gani, Baba. Ai ku ne iyaye."

Shi ke nan. Uba ya ce sai miji ya yarda, miji ya ce sai yadda uba ya gani, kowa ya fita da mutuncinsa. Na ji tashin babur ɗin, na ji ƙararsa tana nisa har ta ɓace. Na kwance ɗankwalin na mayar da kayan jariri inda suke.

Saura mutum ɗaya, uwar da ta haife ta. Inna Saude mace ce mai kawaici, irin wadda ake misali da ita. Tun da na zo gidan ban taɓa jin ta kama sunan Yaya ba. 'Yar fari ce, kunya ta hana. Sai dai ta ce "waccan," ko "ta Rano." Ko ɗakin jegon ba ta shiga, sai ta wuce ta bakin ƙofa tana kallon wani wuri, amma na lura tafiyarta tana raguwa daidai nan. Na same ta a gindin turmi tana tankaɗe, na durƙusa.

"Inna, Yaya mutuwa take yi."

Rariyar ta tsaya, sannan ta ci gaba.

"Ki iya bakinki."

"Malamar asibiti ta ce zuciya ce. Inna, ke kaɗai kika rage. In kika yi magana Baba zai ji."

"Ni in buɗe baki a kan waccan? A ce me a gari? Tun tana wata bakwai na miƙa wa Iya ita. 'Yar Iya ce." Muryarta ba ta canza ba. Amma garin da take tankaɗewa ta riga ta tankaɗe shi, ina kallo ta sake juye shi a rariya karo na uku.

A ranar na yanke shawara ni kaɗai, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Kunu ba ni da iko da shi, don Iya take damawa, ita take tsayawa har a shanye. Amma ruwa a hannuna yake. Asabar da safe na ɗebi rabin bokiti daga randa na ɓoye a bayan itace. Da na juye tafasasshen a kwatarniya, na waiga, na tuttula na sanyin a kai, na rufe da ganye. Tururi yana tashi kamar kullum.

Da aka fito da Yaya, ta bi ta gabana tana dafe da kafaɗar Iya. Ba ta dube ni ba. Ta dai miƙo kumburarren hannunta ta matse nawa.

Kwana uku ina yi. Ba zan ce ta samu sauƙi ba, ƙarya ne. Kumburin yana nan, hakin yana nan. Abin da na sani, tana fitowa daga wanka da ƙafarta, ba a jan ta.

Litinin da la'asar ina bayan zana, sai na ji shiru ya yi yawa. Sai muryar Iya.

"Yau kwana uku yarinyar nan ba ta yi ƙara ba."

Na ji ta tsoma hannu a ruwa. Na ji ta bar shi a ciki.

"Salma!"

Ranar ce ta fara kiran sunana. Ta fito da hannu yana ɗiga, ta zagaya bayan itace ta ɗauko bokitin, ta ɗaga shi sama yadda duk gidan za su gani.

"Jama'a ku zo ku ga abin da ake yi mini! Ina korar sanyi ta ƙofa, ana zuba mini shi ta taga! Ni ina ta mamaki, kumburin da na saba saukewa a kwana biyar ya ƙi sauka. Ashe da hannu a ciki!" Sai ta fashe da kuka, kuka na gaske, ba na munafunci ba. "Me ta yi miki? Me Bara'atu ta yi miki, 'yar Kahu?"

Na ce kumburin ya riga sirkin da mako biyu. Babu wanda ya ji. Saminu ya ja ni ɗaki, ya ce in rufa masa asiri in yi shiru, ina so a ce matarsa ta kashe yayarsa? Daga ranar Iya take tsayawa a kaina tun daga kunna ashana har juye ruwa. Kuma ta ƙara wanka na uku da azahar, wai don a fitar da abin da na zuba.

Alhamis, kwana talatin da ɗaya, saura kwana biyu zaɓe. Tun safe motoci suke wucewa da lasifika. Da na kai ruwan hantsi, na tarar Yaya zaune a bakin gado, leɓɓanta sun yi baƙi, tana jan numfashi da baki.

"Iya," ta ce, "yau ɗaya... a bar ni."

Iya ta tsuguna a gabanta ta riƙe fuskarta da hannu biyu.

"Saura kwana tara, 'yata. Ni na yanke miki cibiya, ni zan cuce ki? Daure. Ranar arba'in da kaina zan yi miki lalle, ki koma ɗakinki kina sheƙi."

Ta ɗaga ta. Na koma bayan zana, amma ban toshe kunne ba. Na ji fyaɗi na farko, na ji na biyu. Ba ƙara. Na uku sai na ji wani abu mai nauyi ya faɗi a kan kwatarniya.

Abin da aka kasa yi a kwana goma, sai ga shi an yi shi kafin ruwan da ya zube ya huce. Babu wanda ya tambayi izinin miji. Babu wanda ya tuna arba'in. Baba da kansa ya fita a guje ba takalmi, ya tare motar kamfe ɗin da Ramalan direba yake ja. Aka ture fastoci gefe aka shimfiɗa ta. Ni na riƙe kanta a cinyata, Iya ta riƙe ƙafafu, Baba da Saminu suna gaba. Inna tana tsaye a bakin zaure da Amiru a kafaɗa, tana kallon ƙasa. Har muka fita gari lasifikar tana waƙa, sai da Saminu ya finciko wayar.

Wata kumfa mai ja-ja tana fitowa daga bakinta, ina sharewa da mayafina. Mun wuce Kibiya kaɗan ta buɗe ido. Na sunkuya.

"Salma... kwana ukun nan..."

"Na'am, Yaya."

"Na ji daɗin wanka."

Ni kaɗai na ji. Ba ta sake cewa komai ba. Duwatsun Rano suna gabanmu na ji kanta ya ƙara nauyi a cinyata.

A asibiti likita ya fito har bakin mota, ya duba, ya girgiza kai. Ya tambaya ko an taɓa kai ta wani wuri. Baba ya cire hula, ya zaro takardar. Gumi ya jiƙa ta har tawadar ta bazu, amma kwanan watan yana nan. Likitan ya karanta, ya dubi Baba.

"Malam, wannan takardar kwananta goma."

Baba ya tsaya da hula a hannu, a cikin rana.

Kwana bakwai ana zaman makoki, kuma kowa ya zo da abin da zai sa ya iya barci. Liman ya ce macen da ta rasu cikin jego ta yi shahada, mata suka ce Allahu akbar, ta huta. Baba ya ce kwana ne ya ƙare, ko a gadon asibiti take sai ta tafi. Wata tsohuwa ta ce baki ne, mace ta shekara shida ba haihuwa sannan ta fito da namiji, ai dole a sa mata ido. Malam Muhyiddeen ya ce shi dai bai taɓa saɓa wa surukansa ba, Allah shaida ne. Aka yi ta yabon Inna, wai ko hawaye ba ta yi ba, irin matan da ke nan. Dangin uba suka ɗauki Amiru suka tafi da shi Rano. Babu wanda ya ambaci kanwa. Babu wanda ya ambaci hula.

Iya kuwa ba ta ce komai ba sai abu ɗaya, kuma ta faɗa wa duk wadda ta zauna kusa da ita.

"An sirka mata ruwa."

Sai idanu su juyo kaina. Abin da ya fi ba ni tsoro, ni ma na fara yarda. In ina wanke-wanke sai in tsaya in ce, to in gaskiyar Iya ce fa? Mata saba'in ta wanke. Ni wace ce? Na koma wurin Malama Halimatu Sa'adiya ina kuka, ta ce, "Ba ke ba ce, wallahi ba ke ba ce." Na riƙe wannan, na haɗa da kalmar Yaya ta cikin mota. Amma murya biyu ce, a gida kuwa murya arba'in.

Cikina yana girma, itace yana taruwa a bayan ɗakin Iya. Da kanta take saye, tana jerawa. Wata rana ta gan ni ina kallon tarin.

"Kada ki damu," ta ce, ba da faɗa ba. "Na yafe miki. Ke kam ba zan bari a yi kuskure a kanki ba. Da hannuna zan dafa."

Na roƙi Saminu ya kai ni Kahu. Ya ce haihuwa ta biyu a gidan miji ake yi, kuma in na tafi yanzu ai na tabbatar da abin da ake faɗa.

Na haihu da damina, ranar wata Talata da asuba ta wuce, 'ya mace. Ina kwance ina jin Iya tana jan rabin duron tana ɗora shi a kan duwatsu. Na ji ƙarar ashana. Na ji ƙamshin darbejiya. Na ƙanƙame jaririyar har ta farka. Da ruwan ya tafasa Iya ta leƙo ta ce in taso. Na taso, don ban san yadda ake ƙi ba.

A bakin murhu muka tarar da Inna. Ban taɓa ganin ta a wurin nan ba. Tana tsugune tana zare itacen daga wuta ɗaya bayan ɗaya, tana tsoma kowanne a kwatamin ruwan sama, yana cuu.

"Saude, me kike yi haka?" in ji Iya.

Ba ta ɗago ba sai da ta zare na ƙarshe. Sannan ta miƙe.

"Bara'atu," ta ce.

Baba ya fito daga zaure ya tsaya.

"Sunanta Bara'atu. Ni na haife ta, wata tara a nan. Kwana talatin da ɗaya ina jin ƙararta ta bayan zanan nan, ina tankaɗe. Yarinyar nan ta durƙusa ta roƙe ni, na ce kunya nake ji. To na ji kunyar, an yabe ni, ga shi na ci yabon ya ƙi wucewa." Sai a lokacin muryarta ta karye. "Bara'atu. Bara'atu. Ba za a sake dafa wata a gabana ba, Iya. In wanka ne, ni zan yi mata, da ruwan da hannu zai iya zama a ciki."

Iya ta dubi ƙaninta tana jiran ya yi magana. Baba ya kai hannu kan hularsa, ya taɓa ta, ya juya ya koma zaure.

Inna ce ta wanke ni kwana arba'in, da ruwa mai ɗumi, ba kanwa. Ga ni nan, ina tafiya da ƙafata. Iya ta ce ai jinin 'yan Kahu ne mai ƙarfi, sanyin yana nan yana jirana a tsufa. Har yau ba ta yarda ba, kuma ba na jin za ta yarda, don in ta yarda sai ta zauna ta sake ƙirga matan nan saba'in, ta tuna waɗanda aka ce kwanansu ne ya ƙare.

Ba mugu ko ɗaya a gidanmu. Wannan shi ne abin da yake hana ni sakewa. Kowa yana son Yaya, kowa yana da hujja, kuma hujjar kowa mai kyau ce a bakin mutane: ladabi, kunya, biyayya, al'ada. Da waɗannan muka kewaye ta muka tsaya, har ta nutse a tsakiyarmu a kan busasshiyar ƙasa.

Rabin duron bai je ko'ina ba. Na ƙarfe ne, ba ya fashewa. Makon jiya aka zo aronsa daga gidan Mato, bayan katangarmu, A'ishar gidan ta haihu. Iya ta bi shi da damin ganyenta. Kullum da hantsi ina ganin hayaƙi, ina jin ƙarar.

Yau da safe na leƙa barka. Tana ba jariri nono, sai na ga zobenta ya fara nutsewa.

Na dawo gida na tarar da Inna a gindin turmi. Na faɗa mata. Ta kife rariyar, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta.